Ɗaya daga kowane iri: tara tsofaffin sulalla da albashin malamin makaranta

"Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne a Asawase, cikin Kumasi a Ghana. Bara kakata ta rasu, da aka zo rabon kayan ɗakinta sai wani gwangwanin Milo cike da tsofaffin kuɗin ƙarfe ya faɗo hannuna, don ba wanda ya nuna yana so. Akwai masu huji a tsakiya, akwai masu kan Nkrumah, akwai masu ganguna da koko. Na ji an ce akwai masu tara ɗaya-ɗaya daga kowane iri har su cika jeri, abin ya shiga raina. To amma kun san albashinmu, abin da zan iya warewa bai wuce sidi 100 a wata ba. Zai yiwu kuwa? Ta ina zan fara? Sannan wani abokina ya ce kwabon da ke ɗauke da sunan Edward na 8 zai iya sayen mota. In sayar ko in riƙe? Kuma sun yi baƙi ƙirin, in wanke su?"

Wa alaikumus salamu, ɗana. Allah ya jiƙan kaka, ya kai haske kabarinta. Tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa don ita ce mai gaggawa: kada ka wanke su. Ko ruwa kada ya taɓa su tukuna. Rufe gwangwanin ka ɗora inda hannun yara ba ya kaiwa, dalilin na nan tafe.

Sauran kuwa, in na fahimce ka, abu biyu kake son sani. Ko mai sidi 100 a wata zai iya haɗa jeri na ɗaya daga kowane iri, da kuma ko akwai arziki kwance a gwangwanin. Na farko zai yiwu ƙwarai, har da canji. Na biyu kuwa, ka cire rai da mota, keke ma da wuya.

Ni ba dillali ba ne, ban taɓa cin abinci da wannan harka ba. Mahaifina falke ne, goro yake kaiwa arewa, ni kuma tun ina ɗan yaro nake zama gefensa ina ƙirga masa canji. A 1967, da aka ce za a janye kuɗi masu kan Nkrumah, sai na ɗauki guda huɗu na cusa a gafakata: pesewa 5, 10, 25 da 50. Ban san na haɗa cikakken jeri ba, kyansu kawai na gani. Pesewa 50 kuɗi ne sosai a lokacin, an neme shi a gidanmu kwana biyu, kuma sai yau nake faɗin inda ya shiga.

Wa ke yanke abin da ake kira iri

Masu wannan sha'awa hanya biyu suke bi. Wasu shekara suke bi. In mutum ya ɗauki kwabo mai huji, sai ya nemi na kowace shekara da aka buga tsakanin 1907 da 1958, a kowace shekarar kuma ya nemi na kowane gidan bugu, don in ka duba da kyau za ka ga ɗan harafi a jikin wasu, H ko KN ko SA. Biyun farko na gidajen bugu ne a Birmingham ta Ingila, na ukun na Pretoria ne a Afirka ta Kudu. Wannan hanya rijiya ce gaba dubu. Akwai shekarun da aka buga kaɗan, masu neman su kuma daga Landan har Amurka suke, da su za ka yi takara.

Hanya ta biyu ita ce wadda ka ji labari. Zane ake bi, ba ruwanka da shekara. Kwabon Sarki Joji na 5 guda ɗaya ya wadatar, sai ka zaɓi na shekarar da ta fi yawa a hannun mutane, wadda ba mai rububinta. Duk arahar a nan take.

Amma ga inda mutane ke zurmawa. Babu wata hukuma da ta zauna ta ce wannan iri ne, wancan ba iri ba ne. Kai ne alƙali, kuma hukuncinka shi zai nuna nawa za ka kashe. In zane ɗaya ne amma an sauya ƙarfen, sabon iri ne? In an cire kalma biyu daga kirarin sarki, kamar yadda aka cire IND IMP daga kuɗin Joji na 6 bayan Indiya ta sami 'yanci a 1947, sabon iri ne? Duk "i" ɗin da ka ce, ka buɗe wa kanka sabon gurbi da sai ka cike da kuɗi. Na ga mutanen da suka fara da niyyar guda 30, bayan shekara biyu suna neman 200, ba su kammala ko ɗaya ba, kuma ba su san inda kuɗinsu ya tafi ba.

Shawarata, kafin ka kashe ko sisi, ka sami littafin rubutu ka shata iyaka. Ƙa'idar da na ba 'ya'yana ita ce: kuɗin da aka yi ciniki da shi a kasuwar ƙasar nan, wanda in ka miƙe hannu ka riƙe shi za ka ga bambancinsa da ɗan'uwansa ba tare da gilashi ba. Wannan ƙa'ida kaɗai ta kore maka ɗimbin manyan sulallan azurfa masu sunan Ghana da hoton damisa ko giwa da za ka gani a intanet. A waje ake buga su don masu tarawa, ba su taɓa sayen ko ƙullin gishiri a kasuwar Kejetia ba.

Ka fara da na Ghana, sun fi ka kusa

An sami 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, amma kuɗinmu na kanmu sai a Yulin 1958 suka fito. Guda shida ne na kashewa: sisin kwabo da kwabo na jar tagulla, sai taro, sisi, sule da fataka, wato sule biyu, na farin ƙarfe. Duk kan Nkrumah ne a gaba, tauraro a baya, kuma dukansu 1958 aka rubuta, don haka ko mai bin shekara ba shi da abin nema bayan shidan nan. Rubutun da ya kewaye kan da Latin yake, yana kiransa wanda ya kafa ƙasar Ghana. Taron gefensa lanƙwashe yake kamar fure. In ka riƙe shi ka tuna cewa daga sunansa da harshen Ga, tro, motar da kake shiga kullum zuwa makaranta ta sami sunan trotro.

A Yulin 1965 aka bar fam da sule aka koma sidi. Lissafin da aka yi shi ne kwabo ɗaya ya zama pesewa ɗaya, sidi kuma kwabo 100, wato sule 8 da kwabo 4. Sulallan da aka buga a lokacin su ne huɗun nan da na sata. Ba su yi tsawon rai ba, don an hamɓare Nkrumah ranar 24 ga Fabrairu 1966, kuma a Fabrairun 1967 aka fito da sabon sidi wanda babu kan kowa a sulallansa. Shi ya sa a duk jerin Ghana su ne za su fi ba ka wahala, musamman 25 da 50.

Na 1967 shida ne: rabin pesewa da pesewa 1 masu ganguna, sai 2½, 5, 10 da 20 masu 'ya'yan koko. Yara kan tambaye ni wane irin mutum ne zai buga pesewa biyu da rabi. Ai sabon sidin daidai yake da sule 10 na da, don haka pesewa 10 sule ne, 5 sisi, 20 fataka, biyu da rabin nan kuwa taro ne ya sake riga, har gefen nasa mai kama da fure aka bar masa. Tsofaffin Zango sun daɗe suna kiran su da tsofaffin sunayen, kakarka ma na tabbata haka take yi.

Daga nan labarin sulallanmu labarin faɗuwar darajar kuɗi ne. A 1979 aka buga pesewa 50 da sidi 1 na rawayar tagulla, manya masu nauyi, sidin mai kusurwa bakwai da hoton wuri. A 1984, shekara guda bayan fari da yunwa da korar 'yan Ghana daga Najeriya, aka sake buga su tare da sidi 5. Ka ajiye sidin 1979 kusa da na 1984 ka gani. Na biyun kamar maɓallin riga yake. Da ni malamin makaranta ne irinka, da su biyun nan zan shiga aji ranar da zan koyar da tsadar rayuwa. A 1991 aka zo da sidi 10, 20, 50 da 100, na ƙarshen mai ƙarfe kala biyu, a 1996 kuma 200 da 500.

Sai Yulin 2007, da aka yanke sifiri huɗu, sidi 10,000 ya koma 1. Waɗannan suna aljihunka yanzu haka: pesewa 1 mai gadar Adomi, 5 mai busa ƙaho, 10 mai littafi, 20 mai koko, 50 mai 'yar kasuwa, sidi 1 mai ma'aunin adalci, da sidi 2 da ya biyo baya a 2019. Abin dariya, pesewa 1 ɗin ya fi wasu na 1967 wuyar samu, don 'yan kasuwa ba sa karɓarsa. Ka roƙi wani da ke aiki a banki ko babban kanti.

Da ƙa'idar da na faɗa maka, lissafina 34 ya ba ni. Wani zai ce sun fi haka, don wasu na shekarun 1990 an sauya musu ƙarfe, maganaɗisu ya kama wani ya ƙi wani alhali zanen ɗaya ne. Bar su sai ka gama. Ina kyautata zaton rabin 34 ɗin nan suna cikin gwangwaninka da aljihunka tun yanzu.

A kan gaban jerin ka sa wuri guda ɗaya. Sunan sidi daga sunan wuri ne da harshen Akan, mu ma kalmarmu ta kuɗi jam'in wuri ce, kuma da shi kakanninmu suka yi ciniki a Salaga. Ba zai ci maka komai ba.

Masu huji

Kafin 1958 kuɗi ɗaya muke kashewa da Najeriya da Saliyo da Gambiya, ƙarƙashin hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1912. Ƙasa huɗu ake buga wa, shi ya sa suke da yawa har yau, kuma yawan nan shi ne gatanka.

Guda bakwai ne in daraja kake bi: anini, sisin kwabo, kwabo, taro, sisi, sule, fataka. Ukun farko su ne masu huji, da tauraro mai tsini shida wanda mutanenmu ke kira hatimin Annabi Sulaimanu. Ɗauki ɗaya ka duba ƙasan hujin, akwai rubutun Larabci. A kwabo "wahid" ne, a rabinsa "nusf", a anini "ushur", wato ɗaya bisa goma. Baturen da ke tara su sai ya nemi mai fassara, kai kuwa da ka yi makarantar allo za ka karanta a tsaye. Aninin farko, na 1907, da alminiyon aka yi shi, yana cikin kuɗin alminiyon na farko a duniya, amma bai jure yanayinmu ba, sai aka koma farin ƙarfe a 1908. Mai kyau daga cikinsu yana da tsada, kada ka sa shi a jerin farko.

In ka haɗa bakwan nan, mataki na gaba da na fi so shi ne kwabo biyar na sarakuna biyar: Edward na 7, Joji na 5, Edward na 8, Joji na 6 da Sarauniya Elizabeth. Babu hoton kowa a kansu, huji ya cinye wurin, suna ne kawai da kambi. Na Edward na 7 har da sunan Najeriya a jiki, daga 1912 aka cire.

Taro zuwa fataka da azurfa aka fara buga su a 1913. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, sai a 1920 aka koma rawayar tagulla. Sule da fataka bishiyar kwakwar manja ce a bayansu. Ka cike gurbi da na tagulla, masu araha ne. Na azurfa sule ɗaya ya ishe ka don a ga yadda abin yake, mafi yawansu ma maƙera sun daɗe da narkar da su sun zama zobba da warwaro.

Akwai wanda ya girme su duka, ackey na azurfa da kamfanin 'yan kasuwar Ingila mai riƙe da ganuwoyin bakin teku ya buga a 1796 da 1818. Ka san da zamansa, amma kada ka rubuta shi a littafinka. Ni kaina ban taɓa riƙe na gaske a hannuna ba.

Inda ake samun su, da yadda za ka raba kuɗin

Kasuwa ita ce wuri na ƙarshe da za ka je. Fara da gida. Kowace tsohuwa a Aboabo da Sabon Zango tana da gwangwani ko ƙulli a ƙasan akwati irin na kakarka. Ka je ka gaishe da gwaggonninka da goro, ka faɗa musu gaskiyar abin da kake yi. Da yawa za su ba ka kyauta suna maka dariya. In akwai azurfa a ciki ka faɗa, ka biya. Daga nan sai masu kula da asusun masallaci, don duk kuɗin da ya daina tafiya a akwatin sadaka yake ƙarewa, kuma sukan rasa yadda za su yi da shi. Ka musanya musu da kuɗi mai tafiya, kowa ya amfana. 'Yan canji na Alabar ma akwai mai kwano a ƙarƙashin tebur da yake zuba irin waɗannan. Sai 'yan gwangwan, su a kilo suke saye, a kilo suke sayarwa, da maƙeran zinariya, waɗanda in kun saba za su kira ka kafin su jefa sule a wuta, ka biya kuɗin nauyin azurfar da ɗan abin goro.

Masu sayar da kayan tarihi, na nan wajen Cultural Centre da na Arts Centre a Accra, da yawansu 'yan'uwanmu ne, kuma suna da kaya. Sai dai farashinsu na farko na baƙi ne masu kyamara a wuya. Yi sallama da Hausa, zauna, kada ka nuna wanda ya kawo ka. Ka ware biyar ko shida ka yi cinikinsu a dunƙule, wanda kake so yana ciki. In mai kaya ya ga idonka ya tsaya a kan guda ɗaya, ka riga ka sayar da kanka.

Intanet kuwa, ka yi amfani da ita don ilimi kafin saye. Shafin Numista kyauta ne, kowane sulai na Ghana yana nan da hotonsa da nauyinsa da faɗinsa. A eBay za ka ga kayan da arha, amma kuɗin aikowa yakan ninka kuɗin kayan. Dabarar ita ce ka tara guraben da suka gagara, ka saya gaba ɗaya wurin mutum ɗaya, a kai gidan wani ɗan'uwa boga, wato mazaunin Turai, a Landan ko Hamburg, ya taho maka da su in zai zo sallah.

Sidi 100 ɗinka na watan farko kada ka sayi sulai ko ɗaya da shi. Nemi gilashin ƙara girma mai ninki 10, da ɗan maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ya isa. In kuɗin ya kai, ko a wata na biyu, ka ƙara da ƙaramin sikeli irin na masu zinariya. Bayan haka ba dole ba ne ka kashe kuɗin kowane wata. Masu arahar za su zo da kansu, kusan kyauta. Kuɗin na guda biyar ko shida ne masu wuya, su kake yi wa asusu.

Game da kyan sulai, ra'ayina ya saɓa da na wasu. Sukan ce ka sayi mafi kyan da aljihunka zai iya. Ni na ce ka duba wane ne. In mai yawa ne, kamar pesewa 10 na 1967, kada ka karɓi gogagge, jira mai kyau, don bambancin kuɗinsu bai kai na kokon safe ba. In mai wuya ne, karɓi wanda rubutunsa ke karantuwa duka, kunnen Nkrumah ko ganyen kwakwar na fitowa, ka gode wa Allah. Wanda aka huda don sarƙa ko aka yi wa walda, in kyauta ne ka sa shi riƙon ƙwarya, amma kada ka biya kuɗin kirki a kansa. Duk wanda ka samu biyu ka ajiye, da shi za ka yi musaya da masu irin sha'awarka a Kano ko Lome.

Maganar Edward na 8

Abokinka bai ƙirƙiri labarin daga iska ba, rabinsa gaskiya ne. Edward na 8 ya hau mulki a Janairun 1936, ya sauka a Disambar shekarar don ya auri matar da aka hana shi. A Ingila kuɗi masu hotonsa ba su kai ga shiga kasuwa ba, 'yan gwajin da suka tsira kuwa dukiya ce mai yawa. Amma namu masu huji, da na Afirka ta Gabas da Fiji da Niyu Gini, ba sa buƙatar hoto, suna kawai aka sauya, don haka aka buga su da yawan gaske aka watsa. Da aka ji sarki ya sauka kuma mutane suka yi ta ɓoye su. Shi ya sa har sabbi fil ake samu. Naka abin sha'awa ne, ka riƙe shi, ya cike maka gurbi ɗaya cikin kwabo biyar ɗin nan. Duk wanda ya aiko maka saƙo a WhatsApp cewa wani Bature na saye da miliyoyi, amma sai ka fara biyan kuɗin gwaji ko na rajista, kuɗin gwajin nan shi ne sana'arsa.

Irin wannan tarko ne da babbar azurfar nan mai kan mace, liyari, da iyayenmu mata ke ratayawa. Za a nuna maka 1780 a jiki a ce ta haura shekara 200. Maria Theresa ta Ostiriya a 1780 ta rasu, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga wannan shekarar ake sa mata, har zuwa zamaninmu. Nauyinta giram 28 da ɗan ɗori, kuɗin azurfarta za ka biya, ba kuɗin tsufa ba.

Ni ma an taɓa yi mini. Wani mai kaya ya fito mini da fataka mai kan Joji na 5, fara sol, ya ce azurfa ce. Magariba ta kawo jiki, ina sauri, na biya. Da safe na sa gilashi sai ga ƙananan ramuka a fuskar sarki kamar wanda ya yi agana, ga siririn layi ya zagaye gefen, inda bakin mazubi biyu suka haɗu. Zubi ne, ba bugu ba. Na ɗora a sikeli, ta gaza giram 11.3 da ya kamata ta kai da fiye da giram guda. Na sake ta a kan siminti ta ce "ɗas", ita kuwa azurfar gaske ƙara take yi mai tsawo. Tana nan a wurina, na rubuta mata "jabu" a takarda. Tun daga ranar ba na sayen sulai in rana ta faɗi.

Dalilin hana wanki

Ina ɗan shekara 15 na kwashe kwabban mahaifina masu huji na jiƙa su a lemun tsami da toka, na bi su da soson ƙarfe yadda na ga ana yi wa tukunya. Suka fito suna walƙiya, na yi ta murna. Bayan mako biyu suka yi dabbare-dabbare, na tagullar suka koma wani ja mara kyan gani, a gilashi kuma fuskarsu kamar gonar da aka yi wa kaftu. Baƙin nan da kake gani riga ce da ƙarfe ya saƙa wa kansa cikin shekaru, ita ke kare shi, ita kuma masu saye ke dubawa su san ba a taɓa shi ba. In ta tafi ba ta dawowa, darajar sulai kuma ta bi ta. Man goge ƙarfe na Brasso, da man goge haƙori, da omo, duk kada su kusance su.

In ƙasa ce ta manne, jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu a tataccen ruwa na kemis, ka taɓa ta a hankali da tsinken sakace, ka ɗora a kan tsumma mai laushi ya bushe da kansa ba tare da gogawa ba. In danƙo ne ko sauran salatif, asiton zalla na cire shi, amma ban da na goge farcen mata, akwai mai da turare a ciki. Wanda ka ga kore mai gari-gari yana cin jikinsa, ware shi daban.

Babban abokin gabarka a Kumasi laima ce, damina biyu muke yi a shekara. Fita da su daga gwangwanin, don yana tsatsa, su ma suna gugar juna. Ka guji albam mai leda mai laushi, da zafi ya yi sai ta fara tsattsafo da wani abu kore mai yauƙi a jikin ƙarfe. Farar takarda ka yanka ka naɗe kowane a ƙaramin ambulan, ka rubuta sunansa da shekararsa da inda ka samo shi da nawa ka biya. Ka jera su a roba mai murfi, ka jefa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. In za ka ɗauka, ta gefe, da yatsa biyu. Na kakarka ka yi musu alama daban, ko ka sami waɗanda suka fi su kyau kada ka musanya su.

Iyakata a wannan harka ita ce Ghana da Afirka ta Yamma, kuma ba na yanke wa sulai farashi daga hoton waya, sai na riƙe shi na auna. Ka kuma sani wannan ba hanyar ajiyar kuɗi ba ce. Ranar da ka mayar wa mai kaya abin da ya sayar maka, in ya ba ka rabi ya yi maka kirki.

Abu ɗaya za ka yi a daren nan. Shimfiɗa tsumma, zazzage gwangwanin a hankali, ka nemi farare marasa huji masu kan Joji na 5 da shekara tsakanin 1913 da 1920. Waɗannan azurfa ce, kuma azurfa dukiya ce, tana cikin gado. Waɗanda suka ce ba sa so, tarkace suka ɗauka suka bar maka. In ka samu, ka kai wa iyayenka da kawunnanka su gani, ko su yafe maka da saninsu, ko ka biya kuɗin nauyinta a raba. Sauran ka ƙirga ka aiko mini da jerin abin da ka samu, in gaya maka gurbi nawa ya rage cikin 34 ɗin.